Robar Jera Haƙora: A Ga Likita Kafin A Saka A Baki

A wannan mako filinmu na kiwon lafiya ya nufi ƙasar Haɗeja, musamman ƙaramar hukumar Auyo ta Jihar Jigawa, domin mu tattauna wani al'amari da matasanmu suka fara tambaya a kai, wato wata roba mai haske kamar gilashi da ake sakawa a baki don ta jera haƙoran da suka karkace.

Duk wanda ya san Auyo ya san ƙasa ce ta fadama a bakin Kogin Haɗeja, inda jama'a suka dogara ga noman shinkafa da alkama da kayan lambu da kuma su. A nan ne ma aikin noman rani na Kwarin Haɗeja yake, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Janairun 2023. To, wani zai ce me ya haɗa manomin shinkafa da robar haƙori? Amsar ita ce wayar salula. Tallar da budurwa take gani a Legas ko a Landan, ita ce 'yarmu take gani a Auyo ko Kafin Hausa ko Malam Madori. Ana nuna mata hoton baki kafin a saka roba da hotonsa bayan an cire, sa'an nan a ce ta aiko da kuɗi a aiko mata da tata. Abin da ba a nuna mata shi ne abin da yake faruwa tsakanin hotunan nan biyu.

Maganarmu a taƙaice ita ce, robar nan tana aiki, ba yaudara ba ce. Amma ba ita kaɗai take aikin ba. Sai an sami likitan da ya san aikinsa, da baki mai lafiya, da mutum mai iya bin doka wata da watanni. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, kuɗi sun tafi, wani lokaci ma har da haƙori.

Yadda take aiki

Haƙori ba kafe yake a cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wasu 'yan zaruruwa masu laushi da suke riƙe da shi. Idan aka matsa wa haƙori a hankali, ba tare da sassautawa ba, ƙashin da ke gefen da ake tura shi yakan narke kaɗan-kaɗan, a ɗaya gefen kuma sabon ƙashi ya cike gurbin. Ta haka haƙori yake gusawa. Wannan hikimar Mahalicci ce, likita yana amfani da ita ne kawai. Da wayar ƙarfe da aka saba gani a bakin wasu yaran birni, da wannan roba, duk hanya ɗaya suke bi.

Likita yakan fara da duba baki da ɗaukar hoton ƙashi. Sa'an nan ya ɗauki siffar haƙoran, ko dai da wani abu mai kama da ƙullu, ko kuwa da wata 'yar na'urar ɗaukar hoto. Da kwamfuta ake tsara inda kowane haƙori zai koma, a ƙera jerin robobi, kowace ta bambanta kaɗan da wadda ta gabace ta. Roba ɗaya ba ta gusar da haƙori fiye da misalin rubu'in milimita. Ana saka kowace mako 1 zuwa 2 kafin a koma ta gaba, kuma dole ta zauna a baki awa 20 zuwa 22 a kowace rana. Sau da yawa likita yakan manna wasu 'yan ƙulalai masu launin haƙori a jikin haƙora don robar ta sami wurin kamawa, wani lokaci kuma ya goge ɗan kaɗan tsakanin haƙora don a sami fili.

Asalinta

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1945 wani likitan haƙori na Amurka mai suna Harold Kesling ya bayyana wata roba da ake sakawa don kammala daidaita haƙora, ya kuma yi hasashen cewa da jerin irinta za a iya gusar da haƙora mataki-mataki. Abin da ya hana ruwa gudu a zamaninsa shi ne wahalar ƙera kowace da hannu. Sai a 1997 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya, Zia Chishti da Kelsey Wirth, suka kafa kamfanin Align Technology, suka haɗa dabarar da kwamfuta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1998, aka shigar da ita kasuwa da sunan Invisalign. Daga lokacin zuwa yau miliyoyin mutane sun yi amfani da ita a ƙasashe dabam-dabam, wasu kamfanoni da yawa kuma sun fito da irin tasu.

Abin da masu sakawa suke faɗa

Da yake mutane masu yawa sun bi ta wannan hanya, abin da suke ba da labari ya zama sananne, kuma bakinsu yakan zo ɗaya a kan abubuwa da dama.

Abin da suka fi yabawa shi ne ba a cika lura da ita ba. Malamin makaranta yana iya tsayawa gaban aji, mai wa'azi ya hau bagade, ba wanda zai san akwai wani abu a bakinsa sai ya matso kusa. Na biyu, tun da ana cire ta, mutum yana goge bakinsa yadda ya saba, abinci ba ya maƙalewa kamar yadda yake yi a wayar ƙarfe. Na uku, ba ta cika yankan leɓe da kumatu ba, kuma yawancinsu sun ce zafin kwanakin farko bai kai na waya ba.

Amma fa akwai ɗaya gefen. Duk ranar da aka saka sabuwar roba, haƙora sukan yi tsami kwana 2 ko 3, har tauna nama ko gyaɗa ya zama aiki. A makon farko harshe yakan harɗe, wasu haruffa su riƙa fita da iska, yawu kuma ya yawaita. Wanda yake cikin ƙungiyar mawaƙa ko mai karanta Littafi Mai Tsarki a sujada zai lura da wannan, ko da yake yakan wuce bayan 'yan kwanaki.

Abin da ya fi damun mutane kuwa shi ne doka. Ban da ruwan sha mara zafi, ba abin da ake ci ko sha da roba a baki. Shayi mai zafi yana lanƙwasa ta. Goro yana rina ta. Lemon kwalba da zoɓo mai sukari sukan shige ƙarƙashinta su kwanta a jikin haƙori, su jawo ruɓewa. Saboda haka kafin kowane cin abinci sai an cire, bayan an gama a goge baki, a wanke ta, a mayar. Idan aka lissafa, awa 2 zuwa 4 kacal mutum yake da su a yini don karin kumallo da abincin rana da na dare da goge baki. Mai son ɗan taɓa ƙosai nan, rake can, dafaffiyar masara a hanya, zai ji jiki. Ko a teburin Jibin Ubangiji sai mutum ya tuna ya cire tun da wuri. Da yawa kuma sun ba da labarin yadda suka naɗe robar a takarda wurin biki, aka share ta tare da shara.

Daɗin daɗawa, aikin yakan daɗe fiye da yadda aka yi tsammani. Wani bincike da aka buga a 2023 a mujallar ƙungiyar likitocin jera haƙora ta Amurka ya duba mutum 500 da suka yi amfani da Invisalign. An tarar kashi 6 cikin 100 ne kawai suka gama ba tare da an sake auna bakinsu an ƙera musu ƙarin robobi ba. Misalin mutum 1 cikin 6 kuma sai da aka mayar da su kan wayar ƙarfe kafin aiki ya kammala, tsawon jiyyar kuma a matsakaici ya kusa shekara 2. Waɗannan fa mutane ne da suke hannun ƙwararru. Likitoci sun yarda robar ta fi dacewa da haƙoran da suka ɗan hau kan juna ko masu ɗan tazara. In karkacewar ta yi tsanani, ko matsalar daga ƙashin muƙamuƙi take, sau da yawa waya ta fi ta.

Bayan an gama ma ba a rabu da Bukar ba. Haƙori yana son komawa inda ya fito. Don haka akan ba mutum wata roba ta riƙo da zai riƙa kwana da ita shekara da shekaru, ko a manna masa siririyar waya a bayan haƙora. Wanda ya yi sakaci da wannan, sai ya wayi gari haƙoran sun fara komawa gidan jiya.

In mutum a Auyo yake

Yanzu bari mu dawo gida. Ƙwararrun likitocin jera haƙora ba su da yawa a Nijeriya, yawancinsu kuma suna manyan birane ne da asibitocin koyarwa. Ga mutumin ƙasar Haɗeja, babban wurin da za a dosa shi ne Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake da sashen haƙori, Jami'ar Bayero kuma take horar da likitocin haƙori. Mai jiyya yana bukatar komawa wurin likita bayan kowane 'yan makonni domin a ga ko haƙoran suna bin tsari. Tafiyar awoyi ce, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga aikin yini guda da aka bari.

Sai kuma damina. Ba mu manta da ambaliyar 2020 da ta 2022 ba, lokacin da ruwa ya ci gonaki da gidaje a Auyo da maƙwabtanta, ya yanke hanyoyi, wasu ƙauyuka sai da kwalekwale. Wanda zai fara aikin shekara 1 ko 2 dole ya tambayi kansa, idan hanya ta yanke a watan Agusta ko Satumba, ko roba ta fashe, ko ta ɓata, yaya zan yi? Wanda yake yini a fadama yana dashen shinkafa, ina zai sami ruwa mai tsabta da zai wanke hannu kafin ya sa yatsa a baki, sau 3 ko 4 a yini? Zafin bazara ma abin lura ne, gama robar da aka bari a rana ko cikin mota takan canja siffa.

Ga kuma kuɗi. A Amurka aikin yakan ci dala dubu 3 zuwa dubu 7 ko fiye. A nan ƙasar, da yake daga waje ake kawo mafi yawan kayan, magana ce ta miliyoyin naira, alhali kuwa mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne a wata. Ba muna cewa haramun ne mai hali ya gyara bakinsa ba. Muna cewa ne kada a sayar da shinkafar da za a ci, ko a taɓa kuɗin makarantar yara, ko a ci bashi da ruwa, saboda abin da zai iya jira.

Araha ba ta ado

Tsadar nan ce ta buɗe ƙofa ga masu cewa za su aiko da roba har gida ba sai an ga likita ba. A Amurka an yi wani kamfani mai suna SmileDirectClub, wanda aka kafa a 2014. Mutum yakan ɗauki siffar haƙoransa da kansa a gida ko a kantinsu, a aiko masa da robobi ta gidan waya a kan kuɗin da bai kai rabin na asibiti ba. Ƙungiyoyin likitocin haƙori sun daɗe suna kashedi a kan wannan hanya. A watan Satumban 2023 kamfanin ya kai kansa kotu saboda bashi ya yi masa katutu, a watan Disamba na shekarar kuma ya rufe baki ɗaya. Waɗanda suke tsakiyar jiyya aka bar su ba mai duba su, aka ce su nemi likita a garinsu. To, idan haka ta faru a ƙasar da take da dokoki masu ƙarfi na kare mai saye, ina ga wanda ya tura kuɗi daga Auyo zuwa ga mutumin da bai taɓa gani ba sai a Facebook ko TikTok?

Haɗarin bai tsaya ga asarar kuɗi ba. Akwai ciwon dasashi da yake cin ƙashi a ɓoye, mutum bai sani ba, sai hoton ƙashi ne yake nuna shi. Idan aka tura haƙorin da ƙashinsa ya riga ya zaizaye, sai ya fara girgiɗi, har ya faɗi. Idan akwai kogo aka rufe shi da roba awa 22 a yini, ruɓewa sai ta ƙaru. Wasu kuma an jera musu na gaba sun yi kyau a hoto, amma turamen baya sun daina haɗuwa, tauna ta gagara. Haka nan muna jan kunnen 'yan matanmu game da wayar ado ta jabu da wasu suke mannawa a shagon kitso ko kwalliya. Haƙorin manya in ya fita ba ya sake tsirowa. Guda 32 ne Allah ya ba mu, ba ƙari.

Wushirya ba ciwo ba ce

Akwai wata tambaya da ta kamata a yi kafin duk waɗannan, wato shin bakin yana bukatar gyara kuwa? A ƙasar Hausa tun kaka da kakanni wushirya ado ce, ana yabon mai ita. A tallar da ake kawo mana daga waje kuwa, ita ce abu na farko da ake cewa a toshe. Abin baƙin ciki ne a ce yarinyar da kakarta take alfahari da wushiryarta ta koma tana rufe baki da hannu in za ta yi dariya, don kawai wani ɗan kasuwa a wata ƙasa ya ce aibi ce.

Mun tuna labarin da ke cikin littafin Sama'ila na fari, sura 16, sa'ad da aka aiki annabi Sama'ila gidan Yesse a Baitalami ya zaɓi sarki. Da ya ga Eliyab, tsayinsa da kyansa suka ɗauke masa hankali, amma Ubangiji ya wuce shi ya zaɓi ƙaramin da yake kiwon tumaki. Ma'aunin Allah dabam yake da namu. Wajibi ne iyaye da malaman makarantar Lahadi su dasa wannan a zukatan yara, su kuma hana ba'ar da ake yi wa mai haƙoran da suka turo gaba, gama irin wannan ba'a tana sa yaro ya ƙi magana a cikin jama'a har girmansa.

Duk da haka, akwai karkacewar da ba maganar ado ba ce. Yaron da leɓensa ba ya rufe haƙoransa na gaba yana cikin haɗarin karya su in ya faɗi. Haƙoran da suka cunkushe suna da wuyar gogewa. Wanda na ƙasa suke sukar dasashinsa na sama, ko ba ya iya gutsurar abinci, yana bukatar taimako, neman wannan taimako kuma ba girman kai ba ne. Likita ne zai bambance wannan da wancan.

Abin da ya fi gaggawa

A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum biliyan 3 da rabi ne suke fama da cututtukan baki, 3 cikin kowane 4 kuma suna ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin ƙarfi ne. Mafi yawan abin da yake damun jama'armu shi ne ruɓewar haƙori da ciwon dasashi. Akwai kuma muguwar cutar nan da ake kira noma, ba noman gona ba, wadda take farawa da gyambo a dasashin yaro mai tamowa, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe. Saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, a watan Disamban 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Bayan ambaliya, lokacin da abinci ya yi ƙaranci kuma ƙyanda take yawo, uwar da ta ga dasashin ɗanta yana jini, bakinsa yana wari, kumatu ya kumbura, ta garzaya asibiti a ranar, kada ta jira gobe.

Wasu karkacewar ma ana iya rage su tun yara suna ƙanana, ba tare da kashe ko kwabo ba. Haƙoran nono guda 20 su ne suke riƙe wa na manya wuri. Idan suka ruɓe aka cire su da wuri, na kusa sukan matso su cinye filin, na manya su fito a karkace. Tsotson yatsa da ya wuce shekara 4 ko 5 yana turo haƙora gaba. Saboda haka a rage wa yara alewa da lemon kwalba, a koya musu goge baki safe da dare da man goge baki. Asuwaki ma yana da amfani in an iya shi, amma a guji gurza haƙora da gawayi ko toka ko yashi, domin suna cinye fatar haƙori. Likitocin jera haƙora suna ba da shawara a kai yaro a duba shi tun yana misalin shekara 7.

Shawara ga iyalai da Ikkilisiya

Ga wanda ya ƙudura zai yi, ga abin da muke ba shi shawara. Ya fara da babban asibiti mafi kusa, kamar na Haɗeja ko na Dutse, ya nemi ganin likitan haƙori, in ya cancanta a ba shi takarda zuwa Kano. Ya tabbata mai duba shi likita ne mai rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya. Kada ya yarda a fara sai an ɗauki hoton ƙashi, an cike kowane kogo, an warkar da dasashi. Ya tambaya ko wayar ƙarfe za ta yi masa aikin, domin sau da yawa ta fi sauƙin kuɗi, kuma ba ta ɓata tun da ba a cire ta. Ya tambayi jimlar kuɗin tun daga farko har ƙarshe, har da na ƙarin robobi da na robar riƙo, a rubuta masa a takarda. Ya tambayi sau nawa zai dawo, da wanda zai kira in wani abu ya faru. Daga nan ya koma gida ya yi shawara da iyalinsa, ya yi addu'a, ya auna kansa da gaskiya ko zai iya bin dokar awa 22. Iyaye kuma kada su saya wa yaron da har yanzu sai an bi shi da faɗa kafin ya goge baki.

Ikkilisiya ma tana da nata rabon aikin. Kula da jiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun 1943 mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda yake hannun ECWA a yau, mutane na kowane addini suna amfana da shi. Abin da aka yi wa ido ana iya yi wa baki, ko da a ƙaramin mataki ne. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar baki ta duniya. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa suna iya gayyatar ma'aikacin lafiyar haƙori ya zo ya yi bayani bayan sujada, a duba bakin yara, a gayyaci maƙwabtanmu Musulmi su ma su kawo nasu. Fastoci da dattawa kuma, idan matashi ya zo da irin wannan tambaya, kada a yi masa dariya ko a ce son duniya ne. A saurare shi, a nuna masa hanyar asibiti, domin wanda aka kora daga gida shi ne yake faɗawa hannun 'yan damfara.

Gyaran haƙori sai da haƙuri. Wanda ya bi ta hannun likita ya kuma jure, yakan ga amfanin kuɗinsa. Wanda ya bi gajeriyar hanya, ba shi da wanda zai kama in ta ɓaci. Ubangiji ya ba mu hikimar kula da jikin da ya ba mu amana, ya kuma kiyaye jama'ar Auyo da dukan ƙasar Haɗeja a daminar bana. Amin.